Kujerun Kallo

Wani ne ogansa ya ɗora masa aikin tsara ɗakin karɓar baƙi na ofishinsu. Ya ce masa ran Litinin wani babban mutum zai zo sa hannu a kwangila. In wurin ya burge baƙon, aikinsa ya tabbata. In bai burge shi ba, ya san hanyar gida.

Sai ga shi a shagona, hannu a aljihu, wai kujeru yake nema. Ni kuwa tun da maigidana ya rasu ya bar min shagon nan, ba a haifi wanda zai ci kayana da arha ba. Na nuna masa wasu farare guda uku. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na kau da kai.

Na ce, "Ɗan nan, waɗannan ba kujerun da kowane kare da doki zai hau ba ne."

Abin da nake gaya wa kowa ke nan, har mai sayen kujerar tsakar gida. Shi kuwa gwanin naka ya zaro biro ya rubuta maganar a tafin hannunsa, ya biya, aka loda masa.

'Yar ƙanwata ce sakatariya a ofishin, ita ta ba ni ragowar labarin. Ya jera kujerun a tsakiyar ɗaki, ko ledar bai cire musu ba. Ya shimfiɗa farin kafet, ya dasa tukunyar fulawa a gefe. Ya ja baya ya ƙanƙance ido, ya ce teburinta yana tare wa kujeru haske. Aka tura ta bayan ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya make ta.

Ta ce, "To baƙin fa, a ina za su zauna?"

Ya ce, "Wa ya ce miki zama ya kawo su? Jira suka zo yi."

Ya samo igiya ya kewaye kujerun.

Ran Litinin baƙon ya iso, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ya hau bene hawa uku da sanda. Yana haki ya nufi kujera. Mutumin naka ya sha gabansa.

"Baba, takalmi a waje. Sandar ma, tana huda kafet."

"Ni oganku yake jira."

"To ka ga ba ka buƙatar zama."

"Gwiwata ce ba ta ɗaukata, ɗana."

"Jingina da bango. A'a, ba wannan ba, jiya aka yi masa fenti."

Dattijo ya nuna kujerun. "Waɗannan na su wa?"

"Na manya."

"Ni fa?"

Ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Gaskiya, Baba, ban ga alama ba."

Dattijo ya saka takalmansa, ya ɗauki sandarsa, ya sauka da takardunsa a hammata.

Can oga ya fito yana gyara wuyan riga, yana murmushi, yana tambayar ina baƙo. Yarinyar ta leƙo daga bayan ƙofa ta gaya masa komai. Oga ya dafe kai. Ya tsallake igiya yana lalube, zai zube a kujera, sai mutumin ya cafko shi ta bayan riga.

"Ranka ya daɗe, in suma za ka yi, daure ka yi a tsaye."