Yadda Na Kulle Gida Kafin Baƙo Ya Shiga

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zama malamin rubutun mutanen ƙasar Sin na tsawon rabin sa'a ba. Bayan babban yaƙin Turawa ne da kaɗan. Ina saurayi a Jarwal, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, sana'ata ɗaukar ruwa da garwa biyu a sanda, ina kaiwa gidan wani muɗawwifi, wato mai saukar alhazai. Karatuna izu tara ne (idan mai tambayar ba ɗan unguwarmu ba ne nakan ce sha tara).

A shekarar muɗawwifin ya sauki alhazan Sin. Yana neman wanda zai riƙa rubuta musu alama a jikin kaya da tantuna, don kada su ɓace a Mina. Wanda ya samu aikin ya rabu da garwa, zai zauna a inuwa ana kiransa katibi, wato marubuci. Ni kuwa kafaɗata ta yi kanta.

Limamin alhazan wani tsoho ne mai gemu ƙwara bakwai, yana jin Larabci. Na roƙe shi ya koya mini. Ya ɗauko alƙalaminsu na gashi, ya tsoma a ruwa, ya rubuta a daɓen tsakar gida harafin da suke kiran al'ummarsu da shi: ɗan akwati a cikin babban akwati. Ya ce zane shida ne, kowanne da lokacinsa. A fara da bangon hagu, sai rufi da bangon dama, a shigar da ƙaramin, sannan a ƙarshe a rufe ƙasa.

Kwana uku yana sa ni maimaitawa, rana tana shanye ruwan. A na huɗu na yanke hukunci, a matsayina na masani, cewa tsohon wahala kawai yake so. Akwati ai akwati ne. Ni da na ga malaman unguwarmu suna zana hatimi tun ina yaye? Na daina zuwa, na je na gaya wa muɗawwifi na sauke.

"Cikin kwana uku?" in ji shi.

"Ya Ammi," na ce, yadda ake kiran manya a can, "kan Bahaushe ne."

Kawuna, wanda ya samo mini aikin ruwan, ya ce, "Kai ɗan nan, wasiƙar da ka rubuta mini zuwa Kano har yau ba a sami mai karanta ta ba." Na ce masa hassada ba ta kamaci dattijo ba.

Ana jibi fita Mina, bayan la'asar, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, wanda za a ɗaura a kan tantinsu. Alhazan suka kewaye ni da kofunan shayi. Kawu ya zo, har da abokansa biyu da ban gayyata ba. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla da ƙarfi, na riƙe alƙalamin a karkace kamar na kara.

Na fara daga dama, yadda duk ɗan kirki yake fara rubutu. Na ja layi ɗaya ban ɗaga hannu ba, na zagaye babban akwatin na rufe shi ruf. Sannan na koma ciki na ɗana ƙaramin. Wallahi ya yi kyau (har gobe ina kan wannan magana). Na ɗaga kai ina jiran ma sha Allah.

Wata tsohuwa ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Wani ya ajiye kofinsa ya juya baya. Limamin ya matso, ya daɗe yana duban ƙyallen, sannan ya ce da Larabcinsa mai sanyi, yadda kowa zai ji:

"Ya waladi, ɗana, ka gina gida, ka kulle ƙofa, sannan ka jefa baƙon ta katanga. A garinmu yaro ɗan shekara biyar ba ya haka."

Na ce, "Ya Shaihi, ai da ba ku gani ba, da ba ku sani ba."

Ya nuna kusurwoyin da yatsa. Nasu suna da kafaɗa, inda gashin ya tsaya ya juya. Nawa sun kumbura kamar gurasa. "Ko daga kan raƙumi za a gane," in ji shi.

Muɗawwifi ya dubi ƙyallensa, ya dube ni, ya dubi garwata da ke jingine a bango. Kawu ne ya ɗauko sandar ya ɗora mini a kafaɗa da hannunsa, a hankali, kamar mai naɗa sarauta.

"Katibi," ya ce, "randa ta yi ƙasa."

Shekara shida na ƙara ina ɗaukar ruwa. Harafin kuwa yanzu na iya shi daidai, zane shida, ƙofa a ƙarshe, kuma shi kaɗai na iya. Abin da na koya shi ne, idan tsoho ya ce ka fara ta hagu, ka fara ta hagu. In kuwa ka ƙi, to aƙalla kada ka bari kawunka ya san ranar.