Yadda Za Ka Sam wa Maƙwabci Intanet Ba Tare da Unguwar Maitumbi Ta Cinye Ka Ba

Ka sayo akwatin wayales na intanet, maƙwabci ya hango fitilarsa ta taga, ya fara gaishe ka har da tambayar mutanen ƙauye? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari datarka za ta ga ƙarshen wata, zumunci kuma bai karye ba. A kan maƙwabcina Gaiya na gwada su.

1. Kada ka ce a'a

Wanda kake ɗiban ruwa a rijiyarsa ba a ce masa a'a. Ka ce, "Haba, ai naka ne." Wannan magana ba ta cin data.

2. Kada ka sa sunan 'yarka a lambar sirri

Duk unguwa Baban Lailatu ake kiranka, kai kuma ka sa Lailatu. Me ka ɓoye? Ni da na yi haka, sai da masu Keke Napep suka mayar da ƙofar gidana tasha.

3. Kada ka faɗe ta ta kan katanga

Gaiya ya leƙo ya ce, "Baban Lailatu, mene ne lamban nan kuma?" Na ɗaga murya na karanta masa. Daga gida na uku wani ya ce, "A maimaita ta ƙarshen." Wallahi ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Masana sun ce katanga tana tare akuya, ba ta tare murya.

4. Ƙirƙiro lamba mai wuya

Haɗa manyan baƙaƙe da ƙanana, ka cusa lambobi, ka barbaɗa alamomi, har ta zama ba ta kama da maganar ɗan Adam. Kada ka rubuta ta ko'ina. Kanka ne asusu.

5. Kai za ka danna masa

Karɓi wayarsa, ka juya baya kamar mai ƙulle goro a haɓar zani, ka danna da hannunka. In ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ke nan?" ka ce, "Na yarda da kai, abokanka 'yan jami'a na Gidan Kwano ne ban sani ba." Wayarsa ta san lambar, shi bai sani ba. Nan ne gwaninta ta ƙare.

6. Kada ka canja waya

Wannan matakin daga baya na gano shi. Tawa ta faɗa bokiti, na sayo sabuwa, na zauna zan sa lamba, kaina ya ce bai san zancen ba. An ce akwai ɗan rami a bayan akwatin da ake tsokana da tsinke komai ya dawo sabo, amma Gaiya kaɗai ya iya, shi kuwa ya ce bai ga abin da ya lalace ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwan marubuci: ko data ta ƙare, ko gaisuwa ta ragu, ko a sa wa rijiya kwaɗo. Mai ƙorafi ya same ni da yamma a ƙofar Gaiya, inda nake aron wayarsa in shiga intanet ɗin gidana. Ba ya ma ba ni a hannu. Cewa yake, "Faɗa mini abin da kake nema, ni zan danna maka."