Ranar da Na Shayar da Mayaƙa Ruwan Dawaki

Ba zan taɓa mantawa da ranin da aka kafa sansani tsakanin Maska da Dandume ba, shekarar da mahara suka dame mu da kwasar shanu. Ni masaƙi ne, ban taɓa kashe abin da ya fi zakara ba. Amma da aka yi shelar kowane gida ya ba da mutum, sai na miƙe na ce wa matata Lami ta share gefen rumbu, don da doki zan dawo. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Sansanin ba wani gari ba ne. Fili ne aka kewaye da ƙaya, ƙofa ɗaya, bukkokin kara a ciki. Daga nan mayaƙa ke fita, nan suke dawowa. Maƙera na gyaran mashi, wanzami na jiran masu rauni, wasu na yankan ciyawa. Ni aka ba ni ludayi. (Na sa rai da takobi, amma na karɓa da hannu biyu.) Aikina in dama gumba in raba wa mayaƙa kafin su fita.

Kullum sai na roƙi Barde Gambo, shugaban sansanin, ya bar ni in bi su ko sau ɗaya. Kullum sai ya ce, “Malam masaƙi, in ka iya ludayi mu gani tukuna.”

Wata safiya masu leƙen hanya suka dawo a guje, suka ce an ga ƙurar mahara ta yamma. Sansani ya rikice. Na ruga gindin tsamiya inda na ajiye kwatarniyar gumba, na tarar da kwatarniya biyu, duka farare. Ban tsaya tunani ba, na ɗauki ta kusa. Ban ɗanɗana ba kuwa, don mai ladabi ba ya sha kafin manya, ni kuma ranar ladabi nake nunawa.

Barde ne ya fara sha. Ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar. Can ya ce, “Ashe kana da sani. Maganin ƙarfe ne ka zuba?”

Kowa ya san maganin ƙarfe ba ya daɗi, kuma namiji ba ya yamutsa fuska a kansa. Ni ban ce e ba, ban ce a’a ba. Na dai sunkuyar da kai irin na masu asiri.

Nan fa aka yi layi. Wani Bamaguje maharbi, wanda ake ji da shi wajen sanin itatuwa, ya kurɓa ya ce tun rasuwar kakansa bai sha mai ƙarfin wannan ba. Yabo ya yi yawa har ni ma na fara yarda. Na kafa kai na shanye guggubin. Barde ya sa aka miƙo mini mashi, ya ce yau da ni za a fita. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni.

Muna ɗaura ɗamara sai ga Baba Tanko, tsohon da ke kula da dawaki, ɗauke da kwatarniyar da na rarake. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Jama’a, wa ya ga ruwan kanwa da dusar da na jiƙa? Na wankin cikin dawaki ne.”

Duk ido ya dawo kaina, ga ludayi a hannu ɗaya, mashi a ɗaya. Barde ya buɗe baki zai yi magana, sai cikinsa ya riga shi.

Na riga na gaya muku ƙofar sansanin ɗaya ce. Ban taɓa ganin jarumai sun fita da irin wannan zafin nama ba, sai dai ba yamma suka nufa ba. Waɗanda ba su iya jiran layi ba suka tsallake ƙaya. Ni da na sha guggubi ban kai ko ƙofar ba, kuma a nan zan tsaya da bayani.

Mahara dai mutanen wani sansani ne suka kore su. Dawakinmu kuwa suka sha gumba mai zuma, suka wuni suna harbin iska.

Barde bai dake ni ba, ba shi da ƙarfin. Yana kwance ya ce in ajiye mashi, in ajiye ludayi, in tafi gida in yi wa yaƙi addu’a daga nesa.

Labari ya riga ni isa. Na tarar Lami ta share gefen rumbu tas, har ta kafa turke. Ta ce, “Sannu da zuwa, maigida. Ina dokin?”

Na ce, “Bai samu ba.”

Ta ce, “Ba komai, tunda ka sha ruwansa.”

Yanzu na tsufa, amma in na wuce majalisa sai wani ya yi haniniya a hankali. Abin da na koya bai da yawa: in an yabe ka a kan abin da ba ka san ka yi ba, kada ka sunkuyar da kai, je ka leƙa ɗaya kwatarniyar.