Rasuwar Tukunyar Asabar ta Bibi Burho

Da zuciya cike da baƙin ciki, da tsoro kwance a ƙarƙashinsa, iyalan gidan Bobo Nison na unguwar Yahudawa a Samarkand suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tukunyarsu ta ƙasa, wadda kowa ya sani da Tukunyar Asabar. Ta cika jiya da hantsi, a tsakiyar kicin, cikinta cike da shinkafa. Albarka ta tabbata ga Alƙali mai gaskiya.

Mai wannan rubutu tana neman afuwa tun ba a yi nisa ba. Ba wanda ya sa ta, ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma ta san a gidan nan akwai manya da suka fi ta sanin marigayiya. Sai dai manyan tun jiya kowa ya ɗinke bakinsa, mamaci kuwa ba a barinsa ba sanarwa. Wanda ya ga kuskure ya yafe. Wanda ya gane rubutun hannun, don Allah kada ya kai wa Bibi, kakar gidan.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Bibi Burho, matar Bobo Nison, ta zo da ita cikin kayan aurenta daga Buhara, kuma ko a lokacin an ce ta riga ta ga jikoki. Baƙa ce wuluk a gindi, ja a wuya, da jan zare ɗaure a kunnenta, shaidar cewa 'yar ɓangaren nama ce, kamar yadda cokulan madara suke da ɗigon shuɗin fenti. Tsawon rayuwarta ba ta taɓa haɗa hanya da madara ba, domin a addinin Yahudawa ba a haɗa nama da madara. Ko bahon wanke-wanke ba su taɓa haɗawa ba.

Kowace Juma'a, kafin a kunna kyandir, Bibi takan shimfiɗa mata nama a ƙasa, ta bi da karas da shinkafa da tuffa mai tsami da zabibi, ta ɗora ta a kan farantin ƙarfen da ake rufe murhu da shi, ta yafa mata tsohon bargo. Daga nan ba mai sake taɓa wuta sai ranar Asabar ta faɗi taurari sun fito. Ita kaɗai ke aiki a ranar da kowa ke hutu, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Maganarta duka ba ta wuce biyu. In tana cikin natsuwa takan ce ɓul, ta yi shiru kamar mai tunani, ta sake cewa ɓul. In ruwa ya yi mata yawa sai murfinta ya ɗaga ya koma, kwas, kwas, har sai Bibi ta leƙo ta ce mata ta ji. Ba ta taɓa ƙona oshi sabo, wato shinkafar Asabar, ba. Sau ɗaya aka samu ƙanzo ya yi ɗaci, shi ma daga baya aka gano laifin mai gyaran murhu ne.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Domin a fahimci yadda ajali ya zo mata, dole a ambaci Avner, jikan gidan, ɗan Uriyel da matarsa Osnat. Bai daɗe da cika shekara biyu ba. Kalmominsa na duniya su ne "a'a" da "sha", kuma yaro ne mai kyauta. Ya shayar da kyanwa, ya shayar da takalmin ubansa, ya taɓa shayar da hular Bobo Nison tana kan Bobo Nison. A makon nan ya koyi murɗe bakin fidarsa ta madara, aka yi ta tafa masa, ana cewa kan yaron nan zai yi karatu.

Osnat kuwa daga Tashkent aka auro ta, daga gidan da ba a tsananta dokar abinci ba. A watanta na farko ta yanka cuku da wuƙar nama. Bibi ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki wuƙar ta soke ta a ƙasar tsakar gida ta kwana a can don ta tsarkaka, tana kuma ba kowane baƙo labarin har yau. Tun daga ranar idon Bibi yake kan hannun Osnat, kuma ko bayan haihuwa sunanta a bakin Bibi bai tashi daga Amarya ba. Osnat ta san abin da kowace yarinya a unguwar nan ta sani: ƙarfe in ya yi kuskure ana tafasa shi ya tsarkaka, amma tukunyar ƙasa abin da ta sha ta sha ke nan, ba ta mayarwa.

Jiya da hantsi maza suna majami'a, Bibi tana shirya tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Ta aiko a ce wa Amarya ta sauke tukunya, don Bobo zai taho da Haham Rahmin, malamin majami'a. Osnat ta sauke ta ƙasa da tsumma biyu, ta ɗaga murfin, tururi ya tashi. Ta juya da murfin a hannu tana neman inda za ta ajiye shi. Iyakar abin ke nan. Tukunya ta ce ɓul a bayanta, sai ta ji wata ƙaramar murya cike da tausayi ta ce, "Sha."

Abin da ta fara gani hannun yaron ne a cikin tururi. Ba ta san lokacin da ta fizgo shi ba. Ta juya yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta hura, ta sa a bakinta, ta duba fuska da wuya. Babu ko tabo. Yaro yana dariya. Sai da numfashinta ya dawo ta lura da ɗaya hannun, da fida a kife, ba baki, ba madara. Ta leƙa tukunya. Shinkafa ta riga ta shanye, saura wani farin layi da ke gangarowa a wuyan marigayiya.

A haka Bibi ta same su. Ta dubi fida, ta dubi farin layin, ta dubi murfin da har lokacin yake hannun Osnat.  Ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi a kicin ba.

Da maza suka shigo da yunwarsu, Uriyel ya fara tsokana tun daga ƙofa, wai ƙanshin ya tare su a bakin titi. Ya ga fuskoki ya haɗiye sauran. Haham Rahmin ya saurari bayani yana shafa gemu, sannan ya ce kada a yi saurin kuka. In abin da ke cikin tukunya ya ninka madarar sau sittin, madarar ta ɓace, abinci halal ne, tukunya ma tana nan da ranta. Ya auna tukunyar da ido, ya auna fidar da ido, ya ce in yaron ya sha fiye da rabi kafin ya zuba, an tsira. In kuwa a cike take, sai haƙuri.

Aka koma kan mai shaida, wato Avner. Bobo Nison ya durƙusa da ƙyar, ya kira shi ɗan albarka, ya tambaye shi ko ya sha da yawa. Avner ya ce a'a. Ya tambaye shi ko kaɗan ya sha. Avner ya ce a'a. Uriyel ya ɗaga masa riga yana ƙwanƙwasa cikin kamar mai sayen kankana, ya rantse akwai madara a ciki, ya ji tana motsi. Haham ya ce shi dai a karatunsa bai ga inda aka karɓi shaidar mai famfas ba, a tambayi wadda ta cika fidar.

Duk ido ya dawo kan Osnat. A nan ne Bibi ta yi magana, da wata murya mai laushi da Osnat ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"'Yata, ai na gan shi a tsakar gida yana ta zuƙa. Ya sha sosai. Ko ba haka ba?"

Ba ta ce Amarya ba. Osnat ta ji kalmar ta sauka mata a ƙirji. Gaskiya Bibi ta gan shi yana sha, amma wancan na safe ne. Wannan karon ita da hannunta ta cika fidar har wuya, don ya sakar mata zani ta sauke tukunya, kuma ta san bai kai ta baki ba. Ba wanda ya gani. Kai kawai za ta gyaɗa, a zauna a ci, Haham ya sa albarka, Bibi ta ci gaba da ce mata 'yata. Mijinta yana kallonta, yana ɗan gyaɗa nasa kan kamar mai koya mata. Sai ta hango Asabar mai zuwa, da wadda ke bayanta, da duk sauran har ta tsufa: ita ce za ta riƙa ɗibar shinkafa daga wannan tukunya tana hurawa tana sa wa ɗanta a baki, ita kaɗai ta san abin da tukunyar ta sha. Ta ji tsoron Bibi, ta ji tsoron wancan, ta rasa wanda ya fi. Ta ɗago kai ta dubi Bibi.

"Bibi, wancan na safe ne. Wannan yanzu na cika masa. Ko kurɓi bai yi ba."

Haham ya sunkuyar da kai ya ce to. Uriyel ya dubi rufin ɗaki. Bibi ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar da farce, tukunya ta amsa ƙwan, garau, ba tsaga ba rauni. Wannan ce maganar marigayiya ta ƙarshe.

"Ku ji fa," in ji Bibi. "Lafiyarta ƙalau."

 Ta kai hannu za ta kwance jan zaren, ta tuna ba a kwance ƙulli ran Asabar, ta janye hannun ta ajiye a cinya. Haham ya ƙara da cewa tunda abin ciki ya haramta, ba a ɗaga ta daga wurin sai Asabar ta wuce. Haka marigayiya ta wuni a tsakiyar kicin tana hucewa a hankali, ƙanshinta ya cika gida, kowa yana ratsa ta gefenta da kai a sunkuye. Aka ci gurasa da ragowar soyayyen kifin Juma'a mai sanyi. Haham ya yaba kifin fiye da kima, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Osnat ta wuni da yaro a goye, duk da ya wuce goyo, tana jin kowane motsin kujerar Bibi har cikin bayanta.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda Haham ya tabbatar yana da tsarki tunda yana hannun Osnat lokacin da abin ya faru, sai dai an gwada shi a kan duk tukwanen gidan bai zauna a kan ko ɗaya ba. Ta bar ludayin katako, abokin aikinta. Ta bar tsohon bargo, wanda kyanwa ta riga ta gaje. Ta bar Bibi Burho, da Bobo Nison da ya ce shi bai san ɗanɗanon Asabar a wata tukunya ba kuma ya tsufa da koyo. Ta bar Avner, wanda har safiyar yau ya je ya tsuguna a gabanta ya ce sha, da bai ji amsa ba ya dubi uwarsa.

Tun jiya Bibi ba ta yi wa Osnat magana ba, ba ta ce Amarya ba, ba ta ce 'yata ba. Yau da safe ana shan shayi ta fito daga ɗaki da guduma, ta ajiye ta kusa da kofin Osnat.  Bibi ta ɗauki Avner ta ɗora a cinya, ta gyara masa wuyan riga, ta yi magana da shi kamar babu kowa a wurin.

"Faɗa wa uwarka ni hannuna ba zai iya ba. Ita na ga tana iyawa. In an gama kuma ta ɗaura ɗankwali ta raka ni, masu tukwane ba sa kai yamma a kasuwa."

Avner ya ce a'a. Osnat ta ɗauki gudumar da hannu biyu, har yanzu tana riƙe da ita, kuma ta tambayi mutum uku a gidan ko wannan hukunci ne ko wani abu dabam. 

Za a yi jana'iza yau Lahadi kafin azahar, a bayan gida, gindin bishiyar rumman. Za a fara binne abin cikin, domin naman da ya dahu da madara ba a ba maƙwabci, ba a ba kare, ba a sayarwa. Uriyel ne zai haƙa ramin, an roƙe shi ya yi zurfi saboda kyanwa. Bayan haka Bibi za ta kwance zaren, sannan a fasa marigayiya, kada wani ya tsince ta gaba ya ga lafiyarta ƙalau ya ɗora a wuta. Ba za a yaga riga don makoki ba, ba za a yi zaman kwana bakwai ba. Masu zuwa gaisuwa su shigo ta ƙofar gaba, kada su tambayi yadda aka yi, kada kuma su zo da labarin tukunyar wani gida da ta fi wannan daɗewa. Duk wanda aka miƙa wa Avner ya riƙe shi da hannu biyu, ya kuma duba abin da ke hannunsa.

Za a maƙala takardar nan a jikin ƙofa, daidai inda ido zai kai. Uriyel ya fita da shebur, ga kuma ƙarar silifas ɗin Bibi nan tana saukowa daga bene. Mai rubutu ta ajiye alƙalami, za ta sulale ta bayan rumfar inabi kada Bibi ta gan ta.