Daddawar da Ta Riga Ni Ƙetare Iyaka

Zamanin Faransa na riƙe da Maraɗi, na shekara biyu zaune, matar ɗana ta ɗauke mini kowane aiki. Ban san ƙafa tana mantuwa ba. Yayata Hajjo kuwa kullum a ƙasa take zuwa Jibiya daga Farfaru.

Ranar da za mu bikin suna ƙetaren iyaka, ɓangaren Maraɗi, na ce, "Yaya, ajiye sandar nan, kina tsofar da mu."

Ina tafe da ƙwaryar daddawa a ka, ina gyara zane, ina waiwaye ina ba ta labari. Daidai shingen masu tsaron iyaka na yi tuntuɓe. Daddawa ta gangara can ƙetare, ni ina kwance nan.

Har yau jikokin Yaya tambayata suke, "Inna, daddawarki ta dawo daga Faransa kuwa?"