Sarewar Turawa da Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da bikin Bulus ba. Ko na so in manta, mutanen Dogon Dutsi ba za su bar ni ba.

Bulus abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko. Shi Kirista ne, ni ɗan makiyaya daga wajen Sukukutane, amma kwano ɗaya muka ci har muka girma. Da bikinsa ya ƙarato, na je gidansu na iske mawaƙan cocinsu sun kewaye wani ɗan akwati baƙi da wani baƙo ya ba su kyauta. A ciki sarewar Turawa ce ta ƙarfe, fara tas, an raba ta uku: kai mai ramin busawa, gangar jiki mai maɓallai birjik, da ɗan guntun gindi. Babu wanda ya san yadda ake haɗa ta.

Cikinsu akwai Rahila, ƙanwar amarya, wadda na daɗe ina so ta san ina duniya. Ita ce ta ce, "Kaico, da akwai wanda ya iya, da an busa wa Yaya ranar biki."

Bakina ya riga hankalina. "Wannan? Ai mu da sarewa muka tashi a bayan shanu." (Gaskiya sarewar kara na taɓa busawa, ita ma Baffana ya roƙe ni in bari, wai nonon shanu yana raguwa.)

Na ɗauko akwati na taho gida, na nemo bidiyo a waya. Wata Bafaransa ta nuna komai dalla-dalla: kar a damƙi maɓallai, a murza a hankali, ramin busawa ya yi layi da maɓallai, a hura kamar mai busa bakin kwalba. Da farko iska kawai ke fita, fuuu, fuuu, har kaina ya yi ta juyawa. Maƙwabciyata ta shigo da taɓarya, wai ta ji hucin maciji. Amma a hankali na kama waƙa guda, ina jan ta kamar tsohon jaki a cikin rairayi.

Matsalata ɗaya, guntun gindin nan. Ba ya shiga sai na yi gumi. Bafaransar ta ce a goge da tsumma mai tsabta kurum, kada a shafa mai. Na ce a raina, baiwar Allah, ke ba ki san ƙurar Arewa ba. Ranar biki da safe na lakato man shanun da Inna ta aiko mini, na shafe mahaɗar da shi son raina. Sai ga shi ya shige sulɓ. Har na yi wa kaina jinjina.

Bayan an taso daga coci aka zauna ƙarƙashin rumfa, rana na dukan ƙasa. Tun ina jira na lura ƙudaje sun bar tuwo sun dawo kaina, amma ban kawo komai ba. Mai magana ya ɗauki lasifika ya ce, "Ga babban mabushi daga Sukukutane!"

Na fito, na tsaya gaban manya. A tsakiyarsu Baba Ishaya ne, uban amarya, dattijon coci, cikin sabuwar farar riga, da ƙwaryar fura a gabansa. Na busa, kuma wallahi ta yi daɗi. Na saci kallon Rahila, na ga murmushi. Nan Shaiɗan ya ce mini, lumshe ido ka yi rangaji kamar na bidiyo. Na lumshe, na kaɗa sarewa sama, na kaɗo ta ƙasa.

Sai na ji "cuɓul!"

Ban tsaya ba. Ƙaramin yatsana ya nemi maɓallinsa na jikin guntun gindin ya iske iska, sarewa ta koma kukan akuya, ni kuwa ina ta rangaji. Shirun da wurin ya yi ne ya sa na buɗe ido. Fura ta wanke wa Baba Ishaya gemu da gaban riga. Ya sa ludayi ya tsamo guntun ƙarfen, ya juya shi, ya kai hanci.

"Ɗana, wanga naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

Ya sake shinshinawa. "Man nan mai kyau ne. Gidanku ake kaɗa shi?"

Rumfa ta tashi da dariya. Ango ya faɗa jikin amarya, Fasto ya ɓoye fuska cikin hula. Rahila kuwa sai da aka riƙe ta. Ni na karɓi guntuna da hannu biyu, yana ɗigar fura, na ce, "Na gode, Baba," kamar an ba ni goro.

Burina dai ya cika, Rahila ta san ina duniya. Har yau in mun gamu a kasuwa, da mijinta a gefe, sai ta russuna ta ce, "Ina kwana, Mushe Man Shanu?" (Mushen Faransanci take nufi, wato Malam, ba mushen dabba ba.)

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka shafa wa mai ya shiga da sauƙi, da sauƙi zai fita. Kuma ba zai tashi fita ba sai a gaban mutumin da kake fata ya zama surukinka.