Esfireson Alhaji Gwadabe

Duk Haɗeja babu wayayye kamar Alhaji Gwadabe. Tun da ya je wani taro a Abuja aka ba shi baƙin kofi a ɗan finjali, ya dawo yana kallon shayi kamar ruwan wanki. 'Yan majalisarsa suka raɗa masa Baturen Fadama, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

"Esfireso sunansa," in ji shi. "Ba na kowa ba ne. Sirrinsa matsi."

Injin haɗa shi dai babu, amma mai basira ina ruwansa da inji? Ana gobe zaɓen shugaban ƙungiyar manoman shinkafa, kujerar da yake mafarki, ya gayyato dattawan ƙungiyar su ga wayewar da za su zaɓa.

Ya kulle kansa a ɗakin girki. Ya daka kofi a turmi, ya tafasa, ya ƙulle a ƙyalle, ya sa tsakanin katako biyu, ya hau ya zauna. Daga zaure baƙi na jin daka, da nishi, da "Bismillahi, fito!"

Ya fito sharkaf da gumi, riƙe da tire, kowane finjali da ɗan baƙin ruwa a gindinsa.

"Ba sukari, ba madara. Kurɓi ɗaya ake masa. Wanda ya sha, wallahi sai tunaninsa ya canza."

Malam Sa'idu, babba a cikinsu, ya leƙa finjalin ya dubi na kusa da shi. Baƙin ruwa, daga ɗaki a kulle, ana gobe zaɓe? Rubutun mallaka ke nan, ko ba a faɗa ba.

"Ayya Alhaji, azumin nafila nake," in ji Malam Sa'idu.

Nan take azumi ya kama zauren kaf, har da mai goro a baki.

Don ya kunyata ƙauyawa, Alhaji ya bi finjalan ya shanye tas. Can kofi ya hau masa kai, ido ya firfito, ya miƙe yana jawabi kan takin zamani babu numfashi. Dattawa suka lalubi takalmansu suna ta'awizi.

Kujera ta tafi wurin wani. Amma suna ya yi nisa. Jiya wani ɗan takarar kansila ya zo tun daga Birniwa, ya durƙusa gaban Baturen Fadama, ya ce a taimaka masa da irin rubutun nan, amma wanda ba ya juyewa kan mai shi.